Kiwon Ƙadangaru Masu Launi na Musamman: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu son shiga harkar suka fi yi. Mun fi tsayawa a kan ƙadangaru uku da suka mamaye kasuwar a duniya: tsaka mai zanen damisa, wadda asalinta busassun yankunan Afganistan, Pakistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya ne, tsaka mai tukku ta tsibirin Sabuwar Kaledoniya, da ƙadangare mai gemu na Ostireliya. Duk zafin da aka ambata a ma'aunin salshiyas yake.

Daga ina launin da ba a saba gani ba yake fitowa?

A fatar ƙadangare akwai ƙwayoyin launi iri-iri da ke zaune hawa-hawa. Wasu suna ba da baƙi da ruwan ƙasa, wasu rawaya da ruwan lemo da ja, wasu kuma ba su da launi na kansu, haske suke mayarwa, su ne ke sa fari da ƙyalli. Idan ƙwayar gado ɗaya ta sauya, sai ɗaya daga cikin waɗannan ta ragu, ko ta ƙaru, ko ta ɓace. Zabiya ta rasa baƙi ne, shi ya sa rawayarta ke fitowa tas. Wadda ake kira Axanthic kuwa rawaya da ja ta rasa, sai ta zama toka-toka. Ba wanda yake ƙirƙirar irin wannan sauyi. Yana ɓullowa ne da kansa a cikin dubban 'ya'ya, mai kiwo ya lura da shi, ya riƙe shi, ya yaɗa.

Da wanne ya kamata in fara?

Da tsaka mai zanen damisa. Ƙwai biyu take sakawa a lokaci guda, an san gadon launukanta sarai, kuma ba ta cin wuri. Mai tukku ma ba ta da wuya, sai dai ba ta jure zafi: 22 zuwa 26 take so, idan ya haura 29 ya daɗe tana iya mutuwa. Mai gemu kuwa a bar shi sai hannu ya faɗa. Mace ɗaya takan zuba ƙwai 15 zuwa 30 a zama guda, ta kuma maimaita sau uku ko fiye a kakar haihuwa ɗaya. Kowane ɗa yana buƙatar fitilar UVB (wadda ke ba da irin hasken rana da jikinsa ke buƙata), wurin shan zafi na 38 zuwa 42, da ƙananan ƙwari masu yawa kullum. Da yawa daga masu farawa da shi abinci ne ke kayar da su kafin su sayar da ko ɗaya.

Yaya gadon launi yake tafiya daga iyaye zuwa 'ya'ya?

Hanya huɗu ce, kuma wanda bai riƙe su ba zai yi ta ɓata shekaru.

Ta farko ita ce gado mai ɓuya. Launin ba ya bayyana sai ɗa ya karɓi ƙwayar daga uwa da uba duka. Idan daga ɓangare ɗaya ya samu, kamanninsa na gama-gari ne amma yana ɗauke da ita a ciki. Irin wannan 'yan harkar ke ce wa het. A tsaka mai zanen damisa, zabiya da Eclipse da Blizzard da Murphy Patternless duk haka suke. A mai gemu akwai Hypo, Translucent, Zero da Witblits. Lissafinsa: het da het suna ba da kashi 25 cikin 100 masu launin a fili, kashi 50 het, kashi 25 da ba su ɗauke da komai. Mai launin a fili da het suna ba da rabi da rabi. Masu launin a fili su biyu, duk 'ya'yansu za su fito da shi.

Ta biyu gado mai rinjaye: ƙwaya ɗaya ta isa launin ya fito. Enigma a tsaka da Dunner a mai gemu misalai ne. A nan babu het. Wanda duk ya ce zai sayar maka da het Enigma, ko bai san abin da yake faɗa ba, ko yana so ya cuce ka.

Ta uku mai rabin rinjaye. Ƙwaya ɗaya tana ba da kama ɗaya, biyu kuma su ba da wata kama dabam da ake kira Super. Mack Snow guda tana rage rawaya. Idan aka haɗa biyu, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai fito Super Snow, fari mai ɗigo-ɗigon baƙi da baƙaƙen idanu. Yawancin haɗarin da ke cikin wannan sana'a a wannan rukuni yake, za mu zo kansa.

Ta huɗu ba ƙwaya ɗaya ba ce, tarin ƙwayoyi ne da ake tacewa zuriya bayan zuriya. Tangerine mai tsananin ruwan lemo da Black Night mai baƙi wuluk ta haka aka same su: kowace shekara a zaɓi waɗanda suka fi launi a haɗa. Babu jadawalin da zai gaya maka kason da za ka samu. Kuma da zarar ka haɗa su da na gama-gari, launin zai dusashe a 'ya'yan farko, aikin shekaru ya koma baya.

Na haɗa zabiya da zabiya, 'ya'yan sun fito da launin gama-gari. Me ya faru?

Kusan tabbas zuriya biyu dabam ka haɗa. Tsaka mai zanen damisa tana da zabiya iri uku, Tremper da Rainwater da Bell, kowace da sunan mai kiwon da ya fito da ita a Amurka. Ta Ron Tremper ce ta fara bayyana, a 1996. Ƙwayoyin ukun ba a wuri ɗaya suke ba, don haka ba sa cika juna. Ɗan Tremper da Bell yakan fito da launin gama-gari yana ɗauke da duka biyun a ɓoye. Idan aka ci gaba da haɗa irin waɗannan, jikokin za su fito zabiya amma ba mai iya rantsewa wace iri ce, kuma masu kiwo na gaskiya ba sa sayen su. Kada ka dogara da ido wajen bambancewa, domin zafin da aka ƙyanƙyashe ƙwai da shi yana sauya hasken fata. Ka tambayi zuriyar tun kafin ka biya kuɗi.

Mene ne ma'anar "66% het" da ake rubutawa a tallar dabba?

Idan aka haɗa het biyu, aka ware waɗanda launin ya fito musu, saura uku cikin huɗu duk kamarsu ɗaya. Biyu daga cikin ukun nan het ne, ɗaya ba ya ɗauke da komai, kuma ido ba ya rabewa. Shi ya sa ake cewa kowannensu yana da damar kashi 66. Idan kuma het aka haɗa da wanda ba ya ɗauke da komai, damar kashi 50 ce. Ana tabbatarwa ne ta hanyar haɗa shi da mai launin a fili: ɗa ɗaya mai launin ya isa shaida. Rashin samu a 'ya'ya uku ko huɗu bai isa a yanke hukunci ba.

To ƙwai nawa zan jira kafin launin da nake nema ya fito?

Kowane ƙwai lissafinsa dabam, bai san abin da na gabansa ya ba da ba. A haɗin het da het, idan ka ƙyanƙyashe ƙwai 8, akwai damar kusan kashi 10 cikin 100 ka tashi ba ko ɗaya mai launin. Idan launuka biyu masu ɓuya kake so su haɗu a jiki ɗaya daga iyayen da duka het ne a biyun, damar ɗaya cikin 16 ce, kuma ko da ƙwai 16 za ka iya fita hannu rabbana da damar kusan kashi 36. Saboda haka ya fi sauƙi ka sayi namiji mai launin a fili ko da ya fi tsada. Ka kuma tuna sauran goma sha biyar ɗin nan rayuka ne, kowanne yana buƙatar akwati da abinci da mai saye.

Waɗanne haɗe-haɗe ne bai kamata a yi ba?

Wannan ita ce tambayar da muka fi so a yi mana, ita ce kuma aka fi tsallakewa. Ƙwayoyin launi da na jijiyoyi daga tushe ɗaya suke tsirowa tun ɗan tayi yana cikin ƙwai, shi ya sa wani sauyin launi yakan zo da lahani a jiki.

Enigma tana zuwa da ciwon jijiya. Tsakar takan karkace kai, ta ɗaga shi sama ta ƙura wa rufi ido, ta yi ta zagaye wuri ɗaya, ta kai wa gyare cafka ta kuskure, wani lokaci ta yi ta birgima. Wata alamunta kaɗan ne, amma wahalar barbara ko ɗaukar ƙwai ko sauyin wuri sukan tayar da ciwon, kuma uwa mai alamu kaɗan tana iya haifar ɗa mai tsanani. Ba a raba launin da ciwon ba. Ra'ayinmu shi ne a kula da wadda ake da ita har ƙarshen ranta, amma kada a yi kiwo da ita.

Lemon Frost ta fi muni. Farin nan mai ƙyalli da ke jan ido ƙwayoyin mayar da haske ne da suke hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har su zama ƙari a fata, wani lokaci su kai ga hanta da sauran kayan ciki. Binciken da masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis suka wallafa a mujallar PLOS Genetics a 2021 ya danganta abin da ƙwayar gado mai suna SPINT1, ya kuma nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na masu wannan launi suna samun ƙarin.

A tsaka mai tukku, Lilly White guda lafiyarta ƙalau, amma idan aka haɗa biyu, ɗan da ya karɓi ƙwaya biyu yakan mutu a cikin ƙwai ko jim kaɗan bayan ya fito. Don haka kullum da wadda ba Lilly White ba ake haɗa ta, kuma rabin 'ya'yan za su fito da launin. Cappuccino biyu ma haka: Super ɗinsu yakan zo da ƙuntatattun ƙofofin hanci da raunin jiki.

A mai gemu, Leatherback guda fatarsa ta fi santsi kawai. Biyu suna ba da Silkback, wanda ba shi da ɓawon fata sam. Saɓa takan maƙale masa ta shaƙe yatsu da bakin wutsiya har su guntule, fitila tana ƙona shi da wuri, kuma cizon da namiji ke yi wa mace a wuya lokacin barbara yana yaga fatarta.

Yaushe mace ta isa a haɗa ta?

Nauyi da shekaru tare ake dubawa, da sikeli mai auna giram. Mai zanen damisa ta cika shekara, ta kai giram 45 zuwa 50, wutsiyarta ta yi kauri, domin a nan take ajiye kitse. Mai tukku ta kai wata 18 da giram 40. Mai gemu ta kai wata 18 zuwa 24 da giram 350 ko fiye. Ƙaramar mace tana iya ɗaukar ƙwai, amma kalsiyam ɗin ɓawon daga ƙashinta za ta zaro shi. Daga nan muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, ko ƙwai ya maƙale. Tun kafin kaka a riƙa barbaɗa garin kalsiyam a kan ƙwarin da take ci, a haɗa da bitamin D3 bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar, a kuma ciyar da ƙwarin kansu da ganye da kayan lambu kwana ɗaya ko biyu kafin a ba ta. A tsaka mai tukku ana iya duba jakunkuna biyu farare a dasashin sama na bakinta. Idan sun motse, a ɗage barbarar.

Yaya ake haɗa su?

A fara tabbatar da jinsi. Namijin mai zanen damisa yana da jerin ƙananan ramuka masu siffar V a gaban dubura da kumburi biyu a gindin wutsiya. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, faɗa za su yi har rauni. Idan mace ta shirya, ana hango ɗigo biyu masu ruwan hoda ta fatar cikinta. A saka su tare a tsaya a kalla. Namiji zai kaɗa bakin wutsiya da sauri, ya kama fatar wuyanta. Idan ta amince za ta tsaya ta ɗaga wutsiya. Idan ta juyo tana cizo tana gudu, a raba su, a sake gwadawa bayan 'yan kwanaki. Mace tana ajiye maniyyi, barbara ɗaya ko biyu kan ishe ta kaka guda. Saboda haka kada a sauya mata namiji a tsakiyar kaka, in ba haka ba ba za a san uban kowane ɗa ba, lissafin gado kuma ya rushe.

Ta kusa saka ƙwai. Me zan tanada?

Robar abinci mai murfi, a huda ƙofa a gefe ko a sama, a zuba danshin ɓawon kwakwa da aka niƙa ko gansakuka mai zurfin santimita 5 zuwa 8. Mai gemu tana buƙatar ƙasa mai danshi da ta kai zurfin santimita 20 ko fiye, domin rami take haƙawa. Mai zanen damisa takan saka ƙwan farko kwana 16 zuwa 22 bayan barbara, sannan ta ci gaba kowane mako biyu zuwa uku har wata huɗu ko biyar. Idan ta yi ta haƙa kwana da kwanaki ba ta saka ba, ta daina ci, ta yi laushi, a garzaya wajen likitan dabbobi. Kada a matsa cikinta da hannu.

Da an ga ƙwai, a sa alama da fensir a samansa, a ɗauke shi yadda yake kwance. Ƙwan ƙadangare ba kamar na kaza ba ne da ake juyawa. Ɗan tayin yana mannewa a sama tun kwanakin farko, juyi yana iya kashe shi. A cakuɗa bamikulait ko falait (ɓarɓashin ma'adinai marasa nauyi masu riƙe danshi) da ruwa a cikin wata roba mai murfi, nauyi daidai da nauyi, wato giram 100 da giram 100. Idan aka dunƙule shi a hannu ya kama jiki amma ruwa bai ɗiga ba, ya yi. A binne rabin ƙwan, a rufe robar, a riƙa buɗewa sau ɗaya a mako don iska. A auna nauyin robar tun farko, duk abin da ya ragu a mayar da shi da ruwa ta gefe, ba a kan ƙwan ba.

Da gaske zafi ne ke zaɓar jinsi?

A mai zanen damisa, da gaske ne. A 26 zuwa 27 kusan duka mata ne, sukan fito cikin kwana 55 zuwa 60. A 29 zuwa 30 gauraye ne. A 31 zuwa 32 yawanci maza ne, cikin kwana 35 zuwa 45. Idan ya kai 34 sai a koma samun mata, masu zafin rai, kuma mace-macen ƙwai ya ƙaru. Zafi yana taɓa launi ma: zabiyar Tremper da aka ƙyanƙyashe a sanyi takan fito da ruwan ƙasa mai duhu. Shi ya sa wasu ke riƙe ƙwai a 27 na mako ukun farko don jinsin ya tsaya a mace, sannan su ɗaga zafin a hankali don launi ya yi haske.

Mai gemu jinsinsa daga gado yake, ana ƙyanƙyashe shi a 28 zuwa 29 cikin kwana 55 zuwa 75. Sai dai masana a Ostireliya sun nuna cewa sama da 32 ɗan tayin da gadonsa na namiji ne yana iya juyewa ya fito mace. Ƙwan mai tukku 21 zuwa 25 yake so, yana ɗaukar kwana 60 zuwa 120.

Ko wane iri ne, injin ƙyanƙyasa sai da na'urar daidaita zafi, da ma'aunin zafi na biyu a cikin robar ƙwan kanta. A kunna shi mako ɗaya kafin ƙwan farko.

Ƙwai ya lotsa, wani kuma ya yi fumfuna. A zubar?

A dakata. A haska shi da ƙaramar tocila a cikin duhu: mai rai yana nuna ruwan hoda da jijiyoyin jini, marar rai rawaya ne fayau. Lotsawa da wuri alamar bushewa ce, a ƙara danshi, sau da yawa yakan cika ya dawo. Lotsawa da gumi dab da lokacin fita kuwa alamar ƙyanƙyasa ce. Fumfuna kaɗan a share da auduga, a ware ƙwan. Wanda ya yi wari ya zube shi ne ake zubarwa. Ƙwan farko na sabuwar mace yakan zo ba rai, wannan ba abin tayar da hankali ba ne.

Yaya ake riƙe 'ya'yan?

Kowanne da ƙaramin akwatinsa, da takardar goge hannu a ƙasa maimakon yashi, da maɓoya mai danshi, da ruwa a murfi marar zurfi. Ɗan mai zanen damisa ba ya cin abinci sai ya yi saɓar farko, bayan kwana uku zuwa biyar, kuma yakan cinye saɓar. Kada ƙwaron da za a ba shi ya fi faɗin tsakanin idanunsa. 'Ya'yan mai gemu idan aka cunkushe su suna cizge wa juna yatsu da wutsiya, kuma abin da ya guntule ba ya tsirowa. Zabiya da masu jan ido haske yana damunsu, a rage musu fitila, a ƙara maɓoya. Wasu sai an miƙa musu abinci da hantsaki a makonnin farko. A ɗauki hoton kowane ɗa ranar da ya fito, domin Mack Snow, alal misali, a ranar ne ta fi sauƙin ganewa da zanenta na fari da baƙi, daga baya rawaya takan shigo.

Haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa ya halatta a kiwo?

Ana yi don a fito da gado mai ɓuya, kusan duk launin da ake gani yau ta nan ya biyo. Amma lahani ma ta nan yake taruwa: karyayyiyar wutsiya, gajeren muƙamuƙi, fatar ido marar kyau, ƙwai marasa ƙyanƙyasuwa, 'ya'ya marasa girma. Bayan zuriya ɗaya ko biyu a shigo da jini na waje mai ƙarfi, ko da hakan zai mayar da 'ya'yan het a ƙara shekara. Wanda ya fito da lahani ba a kiwo da shi komai kyan launinsa.

Na sayo sabon namiji. Zan iya haɗa shi nan take?

A'a. A killace shi kwana 60 zuwa 90 a wani ɗaki, da kwanukansa da hantsakinsa dabam, a kai kashinsa gwaji. Abin tsoro a tsaka shi ne Kiriftosforidiyam, ƙwayar cutar hanji da ke sa zawo da amai da ramewa har wutsiya ta zama tsinke. Ba ta da maganin da ke kawar da ita gaba ɗaya, kuma bilic na gama-gari, wato sinadarin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, ba ya kashe ta. A mai gemu akwai ƙwayar cutar adenobairos, wanda babba kan ɗauka ba alama amma ya hallaka 'ya'ya. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa kowane ƙadangare, saboda suna iya ɗaukar Salmonela, ƙwayar cutar da ke sa wa mutum zawo da zazzaɓi.

Me zan rubuta, me kuma zan gaya wa mai saye?

Kowace dabba ta samu lamba. A rubuta iyayenta da kakanninta, ranar saka ƙwai, zafin ƙyanƙyasa, ranar fita, nauyi kowane wata, da duk het da take ɗauke da shi tare da kasonsa. Lambar nan a rubuta ta a jikin robar ƙwai tun ranar farko. Mai saye ya san duk wannan, har da lahanin da aka taɓa gani a zuriyar. Kada a sayar da ɗa sai ya yi makonni yana cin abinci da kansa yana ƙara nauyi. A mai zanen damisa da yawa sukan jira ya kai giram 15 zuwa 20. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ostireliya ta hana fitar da ƙadangarunta masu rai don kasuwanci, don haka masu gemun da ke hannun jama'a a waje haifaffun gida ne. Wasu ƙadangarun kuma, irin su hawainiyar Madagaska, suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini.